Abin da ɗakin gashi ya koya min game da ƙoƙon gwiwa

Yawancin masu zuwa wajenmu gashin ƙashi bayan an yi musu aikin jijiyar ACL, wata jijiya a cikin gwiwa mai riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri, samari ne 'yan ƙwallon unguwa, wasu daga Asibitin Ƙashi na Dala aka turo su. Tambayar farko ba ta wuce ɗaya: "Likita, yaushe zan iya sujada?" Hankalinsu duk yana kan lanƙwasa gwiwa, saboda salla da tsuguno a banɗaki. Ni kuwa aiki ya koya min in fara da ƙoƙon gwiwa da miƙewar ƙafa.

Ƙoƙon yana kai-komo ne a wani kwarmi da ke ƙarshen ƙashin cinya, tsokar gaban cinya ce ke jan sa. Bayan tiyata kumburi kan kashe wa tsokar jiki, cikin 'yan makonni ka ga cinyar ta motse. Daga nan ƙoƙon yakan soma karkata waje, yaro ya riƙa jin zafi a gaban gwiwa in zai sauko daga bene. Mafi muni shi ne tabon aikin ya ja ƙoƙon ƙasa ya kafe, wannan gyaransa sai an sha wuya.

Shi ya sa nake kwantar da yaro, ƙafa a miƙe, ya saki jiki, in kama ƙoƙon da yatsu in tura shi sama, ƙasa, dama da hagu, ina gwadawa da lafiyayyar ƙafar. Sannan in ce ya danne gwiwar a kan gado har in ga ƙoƙon ya ɗaga. Wanda ya kasa wannan, ba na gaggawar ɗora shi kan keken motsa jiki.

Sai batun filo. Hajiya don tausayi takan cusa wa ɗanta filo ƙarƙashin gwiwa, shi ma ya ji daɗi, gwiwar kuwa ta saba da zama a lanƙwashe. Yanzu Hajiyar nake fara yi wa bayani: filo ƙarƙashin dunduniya za a sa.

Ina kuma tambayar inda aka ɗebo dashen, wato jijiyar da aka sa a madadin wadda ta tsinke. In daga jijiyar ƙasan ƙoƙon ne, haɗe da guntun ƙashi, durƙuso kan daɗe yana ciwo fiye da wanda aka ɗebo daga bayan cinya. Irin wannan yakan fara salla a kujera, daga baya mu gwada soso ƙarƙashin darduma. Ƙwallo kuwa, kafin wata 9 ba ma maganarta.