Tambayar da na kori yaro a kanta

Ɗan ƙanwata yana shekara ta uku a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, lissafi yake karantawa. Bana ya samu sitaj, wato gwajin koyarwa, a wata lise, babbar sakandare, nan cikin Maradi. An haɗa shi da wani tsohon mushe, wato malami, yana zama bayan aji yana kallo, wani lokaci a miƙa masa alli. Ran Juma'a da dare ya same ni ƙofar gida a unguwar Zariya muna shan shayi, yana ba ni labari yana dariya. Wai wata yarinya ƴar segwand, ajin farko na lise, ta tambaye shi abin da bai shirya ba, shi kuwa ya ce mata in ta fi shi sani ta taso ta karɓi allin. Aji ya kwashe da dariya, yarinya ta sunkuyar da kai. "Kawu, tun daga nan ba wanda ya ƙara ɗaga mini hannu." Ya ce shi dama koyarwar nan rage zafi ce kafin Allah ya kawo aikin biro.

Na ajiye kofin, shayin ya fita raina. Da irin wannan zuciyar na shiga aji shekara 20 da wani abu da suka wuce.

Ina da bak D, takardar gama lise ta fannin kimiyya, na yi shekara biyu a Yamai karatu ya ƙi, na dawo gida. Lokacin gwamnati na ta ɗibar malamai ƴan kwantiragi, sai aka tura ni wata CEG, ƙaramar sakandare, a ƙauye, can wajen hanyar Dan Issa. Ban taɓa taka ekol normal, makarantar horar da malamai, ba, horon da aka yi mini na ƴan kwanaki ne. Ajin na zana, ƴan katriyam, aji na uku na CEG, sun haura 70, huɗu a benci ɗaya, sauran bisa tabarma. Na ari kaye, wato littafin rubutu, na wani tsohon malami, abin da ke ciki nake juyewa a allo, su kwafe, in ce kun gane, su ce "wi mushe", in kaɗe hannuna in fita.

Akwai wani siririn yaro da ke zama gefen da zanar ta ɓule, rana na dukan kayensa. Bik ɗinsa ya tsage, ya ɗaure shi da zaren buhu. Ranar da na rubuta cewa mwan sau mwan na ba da pulus, wato ragi sau ragi na zama ƙari, ya ɗaga hannu. "Mushe, don me?" Wallahi ban sani ba. Haddace shi na yi kamar karatun allo, da shi na ci brebe, jarrabawar gama CEG, da shi na ci bak, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Na ce ƙa'ida ce. Ya ce, "To amma don me, mushe?" Na ji zufa na bin bayana, ido 70 da wani abu a kaina. Na ce ya fice mini daga aji, na zabge masa maki 2 cikin 20 don rashin kunya. Yara suka laƙa masa suna Don Me. Sunan ya bi shi har ƙarshen shekara, ni ma da bakina na kira shi da shi.

Ba zan ɗauki laifin duka ba. Kuɗin wata kan yi wata biyu, uku bai zo ba, ga mata ga jariri. Sai na riƙa tsallakawa Jibiya ina saro kaya, ranar da na tafi aji ya wuni ba malami. Wa ya koya mini shirya darasi? Wa ya taɓa zuwa ya zauna bayan ajina ya gyara mini? Shi ya sa a 2017, da aka ce za a yi wa ƴan kwantiragi jarrabawar tantancewa, na goyi bayan masu fushi, ko da yake na riga na bar aikin. Ba a koya wa mutum iyo ba, an jefa shi gulbi, sannan a zo ana auna saurinsa. Amma fa in na kwanta da dare nakan san cewa jinkirin kuɗi bai riƙe bakina ya hana ni cewa "ban sani ba, gobe zan zo da amsa".

Amsar kuwa a Babbar Kasuwa na tsince ta, bayan na koma sana'a. Wani Alhaji da bai taɓa shiga lakkwal ba ya yafe wa yaron shagonsa bashi uku na jika-jika, ya ce masa, "To yau ka ƙaru da jika uku." Na tsaya cak. An cire ragi sau uku, ya zama ƙari. Abin da yaron nan ya roƙe ni ke nan, kuma ko ɗan talla zai gane shi.

Na haɗu da shi sau ɗaya a tasha, yana kabu-kabu. Shi ya gane ni. Ya kai ni har gida, na miƙa kuɗi ya ce, "Haba mushe." Bai kai turwaziyam, ajin ƙarshe na CEG, ba. Mahaifinsa ya rasu a wannan tsakanin, kuma yara da dama kan watse kafin brebe, don haka ba na cewa ni na fitar da shi. Amma ban kuma iya rantsuwa cewa ba ni da hannu.

Na so in jera muku shawarwari da yawa, ku masu zuwa sitaj. Da na zauna rubutu, kaɗan suka rage. In ba ka son aikin nan, kada ka shiga, ƴaƴan mutane ba rumfar jiran mota ba ne. Ko da yake, in za a bi wannan, rabin azuzuwan ƙauyukanmu ba su da malami, kuma na san waɗanda yunwa ta kai su aji suka zama malaman da ake yi wa addu'a har yau. To ka shiga, amma ranar da kake ciki ka kasance ciki.

Ka shirya darasinka da hannunka, ka warware kowane lissafi a takarda kafin ka tsaya gaban allo. Abin da ke ba ni haushi da ku ke nan. Mu littafi ɗaya muke yawo da shi mu biyar. Ku kuna da duniya cikin aljihu, amma sai ƙarfe 7 na safe a turo muku hoton darasin wani ta WhatsApp, ku je ku karanta wa yara daga waya. Tsohon mushen da aka haɗa ka da shi yana koyarwa, kai kana bayan aji kana latsa TikTok. Wannan zaman bayan ajin shi ne abin da ni ban samu ba, kuma da na samu, da ban kori yaron nan ba.

In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka faɗa. Kada dai ya zama kullum, don ƴan lise in sun ga lagonka za su hau kanka, dole wani lokaci ka ɗaure fuska. Amma ka ɗaure ta ga mai surutu, kada ga mai tambaya.

Duk na faɗa wa ɗan ƙanwata wannan. Ya ce "to Kawu", idonsa na kan waya. Yana da aji ran Litinin ƙarfe 8. Na ce ya nemo amsar tambayar yarinyar kafin nan, ya kira ta gaban ajin da ya yi mata dariya ya ba ta. Ni zan kai shi bisa babur ɗina, kuma zan jira a bakin ƙofa har a tashi.