Godiya ga waɗanda suka shayar da dabbobinmu a bazarar bana

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jiya da la'asar muka ɗora damin harawa na ƙarshe a kan rumfa, sai na ce wa kaina to, uzuri ya ƙare. Wata 7 ke nan ana bin mu bashin wannan godiya, kullum ina cewa gobe. Ku yi haƙuri da makarar.

Ga wanda bai san mu ba, ni ne babban mai kiwo a wani ɗan ƙaramin gidan dabbobi da ke bayan garin Kano. Ba mu kama ƙafar gidan zu na Audu Bako ba, wanda yake nan tun 1972. Ba mu da zaki, ba mu da giwa. Abin da Allah Ya hore mana shi ne kadoji, da kuraye biyu, da jiminu, da gwaggon biri da jan biri, da barewa, da beguwa, da manyan kunkuru, sai gauraka da ɗawisu. Ɗaya ɓangaren na dabbobin gida ne: shanu Bunaji da Bokolo, tumaki Balami da Uda, jajayen awakin Sakkwato, raƙumi, jakuna, zabi da agwagi. Wasu kan yi mana dariya, wai wa zai biya kuɗi ya kalli akuya? Su zo ranar da 'yan makaranta suka kawo ziyara su ga inda yaran suka fi yin cincirindo. Yaron birni da yawa bai taɓa ganin yadda ake tatsar saniya ba.

Abin da ya same mu ya faru ne muna shiga goman ƙarshe na azumi, wanda bana, 2024, aka ɗauka ran 11 ga Maris. Kowa ya tuna irin zafin da aka yi, rana tana haura maki 40, iska kamar daga bakin murhu. Ruwan burtsatsenmu ya ja ƙasa ba mu ankara ba, samo, wato injin da ke jawo ruwa a cikin burtsatsen, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Laifinmu ne, domin kwana biyu kafin nan ruwan ya fara zuwa da yashi, muka ce ai zai washe. Muka yi karo-karo muka sayo wani a wurin wani ɗan kasuwa da ba zan kama sunansa ba. Yini ɗaya ya yi ya mutu. Allah Ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Kwana 9 muka yi babu ɗigon ruwa daga ƙasa.

Wanda bai yi kiwo ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Saniya guda a bazara tana shan abin da ya haura lita 40 a yini, mai shayarwa ta fi haka. Raƙumi yana da haƙuri, amma ranar da ya sa baki a kwami zai iya tashi da jarka huɗu bai ɗago kai ba. Kada ba ya yin gumi, dabararsa ita ce ya wangale baki ko ya nutse a ruwa, kuma idan kududdufinsa ya ja baya ya ɗumama, wurin fakewarsa ya zama tukunya. Ga wankin keji, wanda in aka tsallake shi kwana biyu a ɗakin kura, ƙuda da wari su kore ka tun daga ƙofa. Kunkuru ne kaɗai bai dame mu ba. Shi da ya ji rana ta yi tsanani sai ya shige ramin da ya haƙa ya yi lamo, kamar yadda danginsa suke yi a dajin Sahel.

Godiyata ta farko ga 'yan ga-ruwan unguwarmu ce. A lokacin jarka tana tsada, kowane gida yana kiran su, suna da inda za su kai a biya su nan take. Babbansu, wani dattijo mutumin Damagaram, ya leƙo ya ga birai sun yi jugum sun daina ko tsalle, ya ce da ni, "Malam, waɗannan ba su da bakin roƙo. Ka rubuta, in an samu a biya." Daga ranar kullum bayan sahur sai mu ji ƙarar kurarsu a bakin ƙofa, su sauke, su koma, su sake dawowa bayan an sha ruwa. Da azumi a bakinsu, suna tura jarkoki masu lita 25 cikin yashi. Baba mai gadi ne ya ce bana ya ga abin da bai taɓa gani ba, kura tana shayar da kura. Mun biya su bayan salla, amma kuɗin jarka muka biya, ba kuɗin wahalar ba.

Sai liman na masallacin da muke salla. Ba mu kai masa kuka ba, labari ne ya iske shi. Bayan tarawihi ya tsaya ya tuna wa jama'a hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa, da kuma na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Bai ce kowa ya kawo komai ba. Washegari wani bawan Allah mai gidan bulo ya aiko da tankar ruwa, direban ya ce an hana shi faɗin sunan mai aiken. Mun gane motar, Alhaji, amma mun rufa maka asiri. Da wannan tanka muka cika kududdufin kadoji. Matan maƙwabta kuma suka riƙa aiko yara da bokitai daga rijiyoyin gidajensu, wata har da saƙon cewa nata na barewa ne, kada a ba biri.

Barewar ce kuwa muka rasa. Tsohuwa ce, dama jikinta ya fara saki, a kwana na 5 ta kwanta ba ta tashi ba. Barewa dabba ce mai saurin firgita, kama ta kaɗai yana iya kashe ta, shi ya sa ko magani sai an yi dabara a cikin abinci. Shekara da shekaru ni nake ba ta 'ya'yan gawo a tafin hannuna. Yaran da ke aiki da ni sun ga na juya baya, suka yi kamar ba su gani ba. Na gode musu da wannan ma.

Likitarmu ta dabbobi, Hajiya, ban san da wane baki zan gode mata ba. Sau uku tana zuwa cikin dare ba ta karɓi ko kuɗin mai ba, alhali tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ta zama. Ita ta hana mu ba da abinci da tsakar rana, ta ce a mayar da shi asuba da yamma. Ita ta sa muka jiƙa buhunan algarara muka rataya a kejin birai da na tsuntsaye, muka rage wa kuraye nama don kada ya ruɓe a gabansu, muka sa gishiri da sukari kaɗan a ruwan 'yan maruƙa. Ta kuma yi mini faɗa son ranta a kan maganar yashin nan, na sunkuyar da kai domin gaskiya ta faɗa. A cikin kwanakin ne wuta ta ɗauke, ga alluran rigakafin awaki da na kaji da aka kawo mana daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom suna cikin firij, su kuwa da sun ji zafi sun tashi aiki. Mai sayar da ƙanƙara na bakin titi ya buɗe mana injinsa ya ajiye su, a watan da ƙanƙara ta fi zinariya daraja. Allah Ya sa a mizani.

'Yan kayan gwari na kasuwar 'Yankaba, ku ma kun yi mana rana. Kankana da gurji da kabejin da suka fara laushi kuka riƙa tara mana a kwando maimakon a zubar, kuma su suka riƙe birai da jiminu, abinci da ruwa a haɗe. Mahautan da ke ajiye mana ƙashi da kai da ƙafa duk shekara, ba sai bazara ba, ku sani kura ba ta barin komai, har ƙashin take tauna ta haɗiye, shi ya sa kashinta yake fitowa fari fat.

Ana saura kwana biyu salla masu gyara suka ƙara zurfin bututu, aka saka sabon samo, wannan karon da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa. Ran 10 ga Afrilu aka yi idi, jama'a suka cika gidan maƙil, yara suna ihu a gaban ɗawisu. Babu wanda ya san abin da aka kwana ciki. Ba na jin haushi, haka aikin yake. Mutane suna ganin mu kwana uku na ƙaramar salla da uku na babba, sauran kwanakin shekara mu da dabbobin ne da Allah.

Damina ta zo da nata: kaska, tsutsar ciki, ruɓewar kofato ga tumakin da suka tsaya a caɓi. Wannan mun saba. Abin da ya hana mu barci shi ne labarin Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba, ruwa ya shanye gari, ya shiga gidan dabbobi na Sanda Kyarimi. Hukumar gidan ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, kadoji da macizai kuma ruwa ya kwashe su zuwa cikin unguwanni. Mu da muka yi kuka a kan barewa ɗaya, sai muka ji kunyar kukanmu. Muna yi wa mutanen Borno ta'aziyya da jaje, da 'yan'uwanmu masu kiwo na can musamman. A satin matasan unguwa suka fito da shebur suka taya mu yashe magudanar bayan katanga, muka kuma ƙara tsayin ginin kadoji.

Manoman ƙauyen da ke gabas da mu sun sayar mana da harawar wake da ta gyaɗa a farashin kaka, wasu suka ƙara mana kara da ƙowa kyauta, mu kuma za mu kai musu taki kafin shuka kamar kowace shekara. Allah Ya bar zumunci.

Yanzu hunturu muke fuskanta. Kadoji sun fara rage ci, birai za su fara tari in iska ta buso, 'yan awaki kuma sanyin asuba ne ajalinsu. Duk mai tsofaffin buhuna ko tabarmi ko zana da ba ya amfani da su, ya kawo mu kare kejuna ta ɓangaren arewa da gabas. Masu zuwa da yara kuma, don Allah a riƙe ledar biskit da murfin lemo a hannu. Jimina duk abin da ta ga yana ƙyalli haɗiye shi take yi, ga shi tamu ta fara ƙwai a satin nan.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan magabata. Amin.