Gwajin minti biyu ba ya nuna halin faifai

Ƙorafin da ya fi zuwa teburina a wurin aiki shi ne "manhaja ta yi nauyi". Da an faɗi haka sai kowa ya ɗora wa faifan ajiya laifi, a fara maganar sayen sabo. Shekarun da na yi ina kula da sabobi, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, sun nuna mini cewa dole a gwada kafin a fitar da kuɗi. Sun kuma nuna mini cewa gwajin da ba a tsara shi da kyau ba ya fi rashin gwaji cutarwa, domin yana ba mutum alƙaluman da zai riƙe ya kafe a kansu.

Da fio nake aiki, manhajar gwada saurin faifai da Jens Axboe ya rubuta, wanda shi ne mai kula da sashen faifai a cikin Linux. Duk abin da ka ce fio ta yi za ta yi, amma ba za ta gaya maka ko tambayarka ta dace ba. Saboda haka ba na taɓa ta sai na zauna da iostat, manhajar da ke nuna aikin da faifai ke yi, a lokacin da aiki ya yi tsanani, na ga irin nauyin da sabar take ɗauka: karatu ne ya fi yawa ko rubutu, a jere ko a warwatse, kuma mene ne girman kowane yanki. A cikin manhajojin rumbun bayanai, PostgreSQL da shafuka masu kilobait 8 take aiki, InnoDB ta MySQL kuwa 16. Wanda ya gwada irin wannan sabar da manyan yankuna masu megabait ɗaya a jere, wani abu daban ya auna. Faifai mai juyi 7,200 a minti yana iya wuce megabait 150 a daƙiƙa idan a jere yake karatu, amma a warwatse da ƙyar yake kai aiki ɗari a daƙiƙa, domin jiran rabin juyi kawai yana cin kusan milisakan 4, ban da tafiyar allurar da ke karanta bayanan.

Inda na fi ganin ana ruɗuwa shi ne tsawon gwajin. Tsakanin manhaja da faifai akwai ma'ajiyoyin wucin-gadi hawa-hawa. Linux tana riƙe bayanai a RAM, katin RAID, mai haɗa faifai da yawa su yi aiki tare, yana da tasa, SSD ma, wato faifan da ba ya juyi, yana da wani yanki mai sauri da yake fara zuba rubutu a ciki. Idan ba ka saka direct=1 ba, wato saitin fio da ke tsallake ma'ajiyar Linux, kuma fayil ɗin gwajin bai fi RAM girma ba, to saurin RAM kake kallo. Ko ka tsallake wannan, sabon SSD da ba a taɓa cika shi ba yana gudu ne saboda bai fara aikin share tsofaffin yankuna ba tukuna. Kamar ka auna ƙarfin mai turin kurar ruwa da sawunsa na farko da sanyin safiya ne. Ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar SNIA, ta kamfanonin kayan ajiyar bayanai, ta ce a cika faifan da rubutu tukuna, a ci gaba har saurin ya daidaita ya daina sauka, sannan a ɗauki alƙaluma. Na sha ganin layin jadawali ya miƙe a sama na ɗan lokaci, sai kwatsam ya gangaro ƙasa da rabi ya zauna can. Wannan na ƙasan shi ne faifan da ma'aikata za su zauna da shi.

Haka abin yake a sabar haya ta intanet. Faifan gp2 na AWS, sashen hayar sabobi na kamfanin Amazon, aiki 3 a daƙiƙa yake bayarwa kan kowane gigabait, amma ƙananan faifai suna iya haurawa zuwa 3,000 har sai rarar da suka tara ta ƙare. Gajeren gwaji rarar kawai yake gani.

Sai batun tsawon layi, wato ayyuka nawa ake tura wa faifai a lokaci guda. Lissafin a sarari yake: idan kowane aiki yana cin milisakan ɗaya kuma ɗaya bayan ɗaya ake tura su, ba za a wuce dubu a daƙiƙa ba. Manyan alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali da dogon layi ake samunsu, 32 a faifai mai mahaɗin SATA, fiye da haka nesa a mai mahaɗin NVMe, wanda ya fi sauri. Amma rumbun bayanai idan zai tabbatar da ciniki, rubutu ɗaya yake yi ya kira fsync, umarnin tabbatar da adanawa, ya tsaya sai faifan ya ce ya adana da gaske. A nan ne SSD mai araha, wanda ba shi da kariyar ɗaukewar wuta, yake fallasa kansa. Ni dai ba na yarda da gwajin da babu layi mai aiki ɗaya tak tare da fsync a cikinsa. Ba na kuma gamsuwa da matsakaicin jinkiri. Ina duba jinkirin da kashi 99 cikin ɗari na ayyukan ba sa wucewa, domin aikin nan guda cikin ɗari da ya makara shi ne wanda mai jira a gaban kantar ciniki yake ji a jikinsa. Masu etcd, wata manhajar ajiyar bayanai, su ma ƙasa da milisakan 10 suke so a wannan ma'auni.

Akwai wata sabar da aka riga aka yanke hukuncin sauya dukan faifanta. Gwajin karatu bai nuna komai ba. Da na koma kan rubutu mai fsync, jinkirin da ya kamata ya tsaya ƙasa da milisakan ɗaya sai ya haura kusan goma. Na buɗe bayanan katin RAID, sai ga shi batirinsa ya mutu, katin kuma ya kashe ma'ajiyar rubutunsa da kansa don kada bayanai su salwanta idan wuta ta ɗauke. Faifan lafiyarsu lau. Da aka ciro batirin sai aka ga ya kumbura, saboda duk lokacin da aka ɗauke wuta na'urar sanyaya ɗakin takan tsaya, ba ta dawowa sai wani ya je ya kunna ta. Zafi irin namu yana shiga cikin gwaji ko ba a gayyace shi ba. NVMe da yawa suna rage gudu da kansu idan suka wuce digiri 70, don haka nakan bar smartctl, mai duba lafiyar faifai, yana rubuta zafin a gefe, in kuma maimaita gwajin da tsakar rana.

Wajen gyara, abu ɗaya nake sauyawa a kowane zagaye, in ajiye fayil ɗin saitin fio tare da sakamakon da kwanan wata. Ƙannena a wurin aiki kan ga kamar ɓata lokaci ne, amma idan aka sauya uku a tare ba wanda zai san wanne ya taimaka. Kuma kafin su danna komai sai na sa sun karanta mini sunan faifan da suka rubuta da babbar murya, domin gwajin rubutu kai tsaye a kan faifai yana shafe duk abin da ke cikinsa, fio kuwa ba ta neman tabbaci kafin ta fara.