Ulu, Kibiya da Idon da Ya Zame

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, masu saƙa da hannu sukan fara karɓar saƙonni daga dangi da maƙwabta: wannan tana son hula da safa saboda jaririn da ake sa ran zuwansa kafin ƙarshen shekara, waccan kuma tana neman suwaita ga ɗan makarantar da ke fita da sanyin safiya. A Kano sanyin dare a watannin Disamba da Janairu yakan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos kuwa ya fi haka tsanani, saboda haka ba ado kaɗai ake nema ba. Abin da na lura da shi tun da na fara riƙe kibiya, wato sandar da ake saƙa da ita, shi ne, yawancin aibin da ake ɗora wa hannun mai saƙa tun daga kasuwa aka sayo shi, saura kuwa ana iya gyara shi ba tare da an warware aikin baki ɗaya ba, muddin mutum ya iya duban saƙarsa ya gane abin da zaren ya yi.

Duk zaren saƙa ulu muke ce masa, amma kaɗan ne daga cikin abin da ke rumfunan masu kayan ɗinki, inda ake jera shi tare da maɓallai da zif da allurai, ya fito daga jikin tunkiya. Tumakinmu na gida, wato 'Yankasa da Uda da Balami, gashi gare su gajere wanda ba ya kaɗuwa ya zama zaren saƙa, don haka ulu na ainihi daga waje yake zuwa, mafi laushinsa kuma shi ne na tumakin Merino, waɗanda asalinsu Sifaniya ce amma a yau Ostareliya ce ta fi kowa kiwonsu. Abin da ya cika kasuwa ulun roba ne, wato akirilik, wanda ake sarrafawa daga sinadaran man fetur, kuma ban ga dalilin raina shi ba. Yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cinsa, ga shi kuma ba ya sa ƙaiƙayi kamar yadda ulu mai kaushi yake sa wa fatar jarirai. Illarsa ita ce ba ya shan gumi, kuma zafin dutsen guga yana kashe shi har abada. Zaren auduga ya fi dacewa da watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, amma yana da nauyi kuma idan ya buɗe ba ya komawa, shi ya sa ba na yin bakin hula ko wuyan riga da shi.

Idan takardar da ke jikin dunƙulen ta ɓace, ko kuma mai saye yana shakkar abin da aka rubuta a kanta, ashana ɗaya ta isa ta raba gardama. A yanko ɗan guntun zare a kusanta shi da wuta a kan faranti. Ulu na ainihi yana ƙauri irin na gashin da aka babbaka, yana mutuwa da kansa idan an janye wutar, kuma abin da ya bari yana murƙushewa tsakanin yatsu. Auduga tana ci da sauri da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri.

Takardar nan da mutane da yawa suke yagewa su yar tun kafin su fita daga kasuwa ita ce mafi amfanin abin da aka saya bayan zaren kansa. A jikinta ake samun nauyin dunƙule, galibi giram 50 ko 100, da tsawon zaren a mita, da girman kibiyar da ta dace da shi a milimita, da kuma lambobi biyu da bai kamata a rikita su ba: lambar launi da lambar rini. Ta farko tana nuna sunan launin ne kawai, ta biyu kuwa tana nuna tukunyar da aka rina wannan kashin a cikinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin marinar Ƙofar Mata ya san cewa baba ɗaya ba ya ba da shuɗi iri ɗaya a tsomi biyu, haka abin yake ko a masana'anta. Dunƙule biyu masu lambar launi ɗaya amma lambar rini daban sukan yi kama ƙwarai a cikin duhun rumfa, sai an gama rabin riga an fito da ita hasken rana sannan layin da ya raba su zai bayyana a tsakiyar ƙirji. Saboda haka nakan ce wa mai rumfa: "Malam, don Allah a ciro mini duka daga leda ɗaya, kuma a ƙara mini guda a kai." Wannan ƙarin gudan ba almubazzaranci ba ne, domin komawa kasuwa bayan wata guda a sami rini iri ɗaya abu ne mai wuya, abin da ya ragu kuma yakan isa safar jariri. Idan dole ta sa aka haɗa rini biyu, hanyar ɓoye bambancin ita ce a riƙa saƙa layi biyu da wannan, layi biyu da wancan, har tsawon 'yan santimita kafin a koma kan sabon gaba ɗaya.

Tsawon zare ya fi nauyinsa muhimmanci wajen lissafi. Giram 100 na akirilik matsakaicin kauri yakan kusanci mita 290, alhali auduga mai kauri iri ɗaya da wuya ta wuce mita 230, don haka wanda ya musanya ɗaya da ɗaya yana ƙirga dunƙule kawai zai tarar zarensa ya ƙare a hannun riga.

Aikin da kowa yake ƙyashin yi, kuma wanda a ganina shi ne ya raba mai saƙa da mai caca, shi ne gwaji kafin a fara. A saƙa ɗan yanki da ya ɗan wuce santimita 10 a tsaye da kwance, a wanke shi yadda za a riƙa wanke kayan, a bar shi ya bushe, sannan a aza ma'auni a tsakiyarsa a ƙirga idanu, wato madaukan zaren da kibiya take yi, nawa ne suka shiga santimita 10. Matsakaicin zare a kan kibiya mai milimita 4 yakan ba da ido 22, amma hannu ya bambanta da hannu, wata tana ɗaure zare, wata tana sakinsa. Ga yadda bambancin yake fitowa a hular jariri. Kewayen kan sabon haihuwa yana kusan santimita 35, hula kuma ana yin ta ƙasa da haka kaɗan domin ta kama kai, a ce santimita 32 ko 33. Mai samun ido 22 za ta ɗora ido 72 ta sami abin da take so. Mai sakin hannu da take samun ido 20, idan ta bi wannan adadin ba tare da gwaji ba, hularta za ta kai santimita 36, ta riƙa zamowa tana rufe wa yaro fuska, wanda ga jariri ba ƙaramin haɗari ba ne. Maganin ba shi ne ta tilasta wa hannunta ɗaurewa ba, domin hannu yakan koma ɗabi'arsa bayan layi kaɗan. Ta sauka zuwa kibiya mai milimita 3.5 ta sake gwadawa, ko kuma ta rage idanun zuwa 64.

A kan kibiya kuwa, matsalar da ta fi tayar da hankalin mai koyo ita ce idon da ya zame. Ana cikin saƙa sai a ga wani wuri ya buɗe, zaruruwa sun jeru a kwance ɗaya bisa ɗaya, can ƙasansu kuma ga idon nan a sake yana shirin ƙara gangarawa. Abu na farko shi ne a daina jan aikin, a soke idon da fil mai makulli domin ya tsaya. Daga nan a ci gaba da saƙa har a iso daidai wurin, a ɗauko kwarashi, wato allurar saƙa mai ƙugiya a baki, wanda bai fi kaurin kibiya ba, a zura shi cikin idon daga gaba, a kamo zaren kwance da ya fi kusa da shi a jawo ta ciki, sannan na samansa, a bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da tsallake ko guda ba, har a iso sama a mayar da idon kan kibiyar hagu. Idan idon na saƙar baya ne, wato wanda yake fitowa kamar ɗan ƙullutu saɓanin na saƙar gaba mai santsi, sai a juya aikin a yi gyaran daga ɗaya fuskar. Wurin zai ɗan yi sako-sako da farko, amma wanki ɗaya yakan daidaita shi. Da wannan dabarar ake gyara idon da aka saƙa ba daidai ba a layuka biyar ko shida da suka wuce: a sake shi da gangan ya gangara zuwa wurin kuskuren, a hau da shi daidai.

Akasin wannan shi ne idanun da suke ƙaruwa ba a gayyace su ba, har mayafin da aka fara da faɗin tafin hannu biyu ya riƙa buɗewa yana karkacewa. Dalilan ba su da yawa. Mafi yawa a farkon layi abin yake faruwa, lokacin da aka ɗaga zaren ta saman kibiya zuwa baya, sai idon farko ya miƙe ya nuna ƙafafunsa biyu, mai saƙa ta ɗauka idanu biyu ne ta saƙa kowanne. Wani lokaci kuma bakin kibiya ne yake tsaga zaren gida biyu, musamman zaren da murɗinsa bai yi ƙarfi ba. Na uku shi ne mantawa da mayar da zare tsakanin kibiyoyi yayin sauyawa daga saƙar baya zuwa ta gaba, wanda yake haifar da ƙarin ido tare da ɗan rami a ƙarƙashinsa. Irin wannan ramin yana fitowa kuma idan aka ajiye aiki a tsakiyar layi, aka dawo aka ci gaba ta inda aka fito. Ƙa'idar gane hanya mai sauƙi ce: kibiyar da zaren dunƙule yake rataye a jikinta ita ce ta hannun dama. Ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi kaɗan ya fi duk wani gyara sauƙi, idan kuwa an riga an sami ƙari guda kusa da gefe, haɗe ido biyu a saƙa su tare ya wadatar, ba wanda zai lura.

Akwai aibin da ba ya buɗe rami amma yana ɓata fuskar saƙa, shi ne murɗaɗɗen ido. Lafiyayyen ido a saƙar gaba ƙafafunsa biyu a buɗe suke daga ƙasa, murɗaɗɗe kuwa sun gitta juna, kuma yana da tauri wajen shigar kibiya. Yawanci yana faruwa ne bayan an warware wasu layuka an mayar da idanun kan kibiya a juye. Ba sai an sake cire su ba, a duba kowanne idan an iso shi, in ƙafarsa ta dama tana bayan kibiya, sai a saƙa shi ta baya ya miƙe. Wanda zai warware aiki mai zane kuwa, ya fara zura wani zare mai launi daban da allura cikin dukan idanun layin da yake da tabbacin lafiyarsa, domin warwarar ta tsaya a nan.

Naɗewar gefe ba kuskure ba ce, ko da yake masu koyo da yawa suna zargin kansu a kanta. Saƙar da fuskarta duka gaba ce, bayanta duka baya, dole ta naɗe, saboda idanun fuskokin biyu ba su ja daidai ba. Guga ba ta magance ta, a kan akirilik ma sai dai ta narkar da zaren ya yi sheƙi ya saki. Tun farko ake hana ta, ta hanyar yin ido huɗu ko biyar na kowane gefe da saƙar gaba a dukan layuka, ko kuma a fara ƙasan riga da gaba biyu baya biyu. Rufe aiki ma yana da nasa tarko, domin hannu yakan ɗaure a layin ƙarshe, sai a gama suwaita mai kyau wuyanta ya ƙi wuce kan yaro. Kan ƙaramin yaro babba ne idan aka gwada da jikinsa, shi ya sa nake rufe wuya da kibiyar da ta fi wadda na yi aikin da ita da milimita ɗaya, a rigar jariri kuma nakan bar buɗi a kafaɗa in sa maɓallai, in ɗinke su da ƙarfi sosai, kuma ba na sa wa hula doguwar igiya.

Hunturun da yake kawo cinikin shi ne kuma yake wahalar da aikin. Kaushin yatsu yana kama zare yana tayar masa da gashi, don haka nakan shafa man kaɗanya da dare, da rana kuma in bar hannu ya sha man sosai kafin in taɓa farin ulu. Ƙura tana shiga dunƙulen da aka bari yana birgima a tabarma, gara a sa shi cikin leda ko ƙaramin bokiti mai murfi a jawo zaren daga tsakiyarsa. Idan dunƙule ya ƙare, a haɗa sabo a farkon layi maimakon a ƙulla a tsakiya, a bar jela mai tsawon kusan santimita 15 wadda za a ɓoye da allura a bayan aikin, domin ƙulli yakan kwance a wanki ko ya leƙo ta fuska.

Lokacin miƙa kayan ga mai su, nakan haɗa da takardar dunƙule ɗaya da ɗan ragowar zare saboda gyaran gaba, in kuma yi wa uwar jaririn bayani da baki: "Yaya, da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan za a wanke, a matse a hankali cikin tawul, kada a murɗa." Ulu na ainihi idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa yakan cure ya ƙanƙance, ba ya kuma dawowa. Kowane iri ne kuwa, a shimfiɗe ake shanya shi a inuwa, domin suwaitar da aka rataya a igiya tana jiƙe nauyin ruwan zai ja ta, kafaɗunta su zube, tsawonta ya ƙaru.