Wata shida a ɗakin taswira, da abin da 1630 ta ja mini

Jiya na miƙa katin shiga na fito, wata shida cur ina sanin makamar aiki a ɗakin tsofaffin taswirori a Holan. Ku da muka yi zaman kun san wurin kun san oga, basai na kama suna ba.

Taswirar duniya ta Henricus Hondius aka bani in rubuta mata ɗan bayanin da za a manna a gefe ranar baje koli. Wallahi sati biyu na yi ina kallonta kamar wanda aka yi wa asiri. Duniya a da'ira biyu, kusurwa huɗu kowacce da fuskar mutum, Julius Caesar, da masana taswira Ptolemy da Mercator, sai Jodocus Hondius, wato dai ɗa ya ɗauko babansa ya zaunar dashi sahun manya, ni dai ban ga laifinsa ba. Ga wuta da iska da ruwa da ƙasa an zana su a siffar mutane da dabbobi, California kuma tsibiri ce a wurinsa. Amma abin da ya tsaya mini a rai yana ƙasa a tsakiya, Turai ce mace da kambin sarauta ta hakimce a zaune, Asiya da Afirka da Amurka sun kawo mata gaisuwa sai kace talakawa a fada. Na rubuta layi uku a kai, nace wannan ba kwalliya bace kawai, a lokacin kamfanin kasuwancin Holan na gabas, wato VOC, da aka kafa a 1602 yana kwaso kayan yaji daga gabas, na yamma kuma da aka kafa a 1621 ya doshi Brazil da gaɓar Afirka, mai sayen taswirar a Amsterdam ya san sarai me hoton ke nufi.

Toh sai na rubuta a sama cewa an buga ta a 1630, tunda abin da na gani a jikinta kenan ƙuru-ƙuru. Ban juya takardar ba. Ashe 1630 ɗin a farantin jan ƙarfe aka sassaƙa ta, shekara da shekaru ana bugawa da farantin nan kafin a canja ta koma 1641, rubutun bayan takarda ne ke nuna daga wane atlas, wato kundin taswirori, aka ciro ta. Tamu Faransanci ne a bayanta, bugun 1633 inji oga. A taron safiyar Litinin, gaban kowa har da ɗaliban da suka zo ziyara, ya juya ta a hankali yace wanda bai iya karanta shekara ba ina shi ina fassara hoto. Kuskure nawa ne ban musa ba, amma gyaran lamba ɗaya ne fa. Shi kuwa ya soke layukan nan uku gaba ɗaya, ya bar "an ƙawata gefen da siffofin nahiyoyi huɗu". Shikenan. Dama tun farko layukan ne basu masa ba, shekarar ya samu ya fake da ita, kuma ni na miƙa masa sandar da hannuna.

Sauran abin da na koya ba yawa. Launi da hannu ake shafawa bayan bugu, wani ma bayan shekara ɗari biyu, kar ya ruɗe ka. A taswirar duniya ta Willem Blaeu, wani mai zana taswira ɗan Holan, ta 1606 mutum huɗun da ke gefen dama yanayin shekara ne ba nahiyoyi ba, saura ƙiris nan ma in kwafsa. Kuma duk abin da ka gano ka tura ta imel ya zama da kwanan wata.

Wannan na ƙarshen dalilinsa, ni na nuna masa Cano da Zegzeg da Zanfara da Guber a taswirar Afirka ta Blaeu, na gaya masa Kano ce da Zazzau da Zamfara da Gobir, daga littafin matafiyin nan Leo Africanus na 1550 kan Afirka sunayen suka biyo. A baka na faɗa, wajen shan kofi. Satin da ya wuce ina jinsa yana yi wa baƙi bayanin tiryan-tiryan, har Zazzau ɗin ma bai iya faɗa daidai ba, ina tsaye a bayansa riƙe da akwatin taswirar.