Lambar shafi da shekarar bugu: abin da ya riƙe mini kundi

Ranar da na kare kundina na digiri na biyu, malamin da aka gayyato daga wata jami'a bai taɓa ra'in da na ɗora aikin a kai ba. Jakarsa ya buɗe, ya zaro nasa kwafin littafin da na nazarta, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran gasar rubutun Hausa ta 1933, ya nemi shafin da na ambata a babi na huɗu. Maganar ba ta nan. Ya gwada ta biyu, ita ma haka. Ya ɗago ya ce, "Malama, da wane bugu kika yi aiki?"

Da bugu biyu na yi aiki ban ankara ba. Babi na uku na rubuta shi da tsohon kwafin ɗakin karatu, na huɗu kuma da sabon bugun da na saya a kasuwa, wanda aka sake jera rubutunsa, shafuka suka gusa. A manazarta kuwa shekarar bugun farko kaɗai na sa, bugun da ban taɓa riƙewa a hannu ba. Mako uku na yi ina bin madogara ɗaya bayan ɗaya kafin a sa mini hannu.

Alhali tsarin APA, ƙa'idar kawo madogara da jera manazarta da sashenmu ke bi, ya riga ya tanadi mafita. Tsohon littafin da aka sake bugawa shekara biyu ake ba shi a cikin rubutu: ta bugun asali, sai ’yar sanda (/), sai ta bugun da ke hannunka, sannan lambar shafi daga wannan na hannun. In kuma sabon bugu ne da aka yi wa gyara, kamar ƙamus ɗin Hausa na R. C. Abraham da ya fito a 1949 aka sake fitar da shi a 1962, shekarar wanda ka duba za ka sa, ka nuna bugu na biyu ne. Yanzu kafin in karanta layi ɗaya sai na ɗauki hoton shafin take da bayansa, inda maɗaba'a da shekara suke, kuma ba na kwafo jimla sai da lambar shafinta a jiki. Kwafi guda nake riƙewa daga babi na ɗaya har ƙarshe.

Ka kuma tambayi wane APA ake nufi. Bugu na 7, wanda ya fito a 2019, ya daina sa garin da aka buga littafi, amma tsofaffin kundayen da ɗalibai ke kwaikwayo cike suke da Zariya da Kano da Ibadan kafin sunan maɗaba'a. Takardar ƙa'idar makarantarku ita ce alƙali, ba kundin wani ba. Maganar da aka ɗauko in ta kai kalma 40, a ware ta a matsar da ita ciki rabin inci, ba alamar zancen wani. A MLA, wani tsarin kawo madogara, layi ake ƙirgawa: zube in ya wuce huɗu, waƙa in ta wuce uku.

Sunayenmu ma sai an yi hattara. Marubuci da yawa sunan garinsa ne a ƙarshe, Gusau ko Funtuwa ko Bunza, kuma da shi ake jera shi. Rubuta shi yadda yake a bangon littafin, ko da babu lanƙwasa, kada ka gyara masa. In biyu sun haɗa suna, baƙaƙen farko na sunayensu ne za su raba su a cikin rubutu.

Hira kuwa, APA ba ta sa ta a manazarta tunda mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba. A aikin adabin baka da tarihi wannan bai ishe mu ba, a ganina. Ni rataye na yi mata: sunan wanda na zanta da shi, shekarunsa, sana'arsa, gari da ranar hira.

Cikin gyaran nan ne wata matsalar ta sake ɓullowa. Wasu sassan an buga mini su da tsohon salon rubutun Hausa na kwamfuta, da na mayar da su Times New Roman sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. A manazarta ma jerin abacada ya hargitse. Sai da na bi su da akwatin nema da musanyawa na Word, harafi harafi, babba daban ƙarami daban, na sa na Unicode, wato haruffan da ba sa rikiɗewa in an sauya salon rubutu, sannan na mayar da kundin PDF kafin in kai wa mai bugawa. Daren ƙarshe na zauna da kwafi guda na littafin, na bi kowace lambar shafi da yatsa.