Wa ya bi sawun yaranmu lokacin da aka rufe makarantu?

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, kuma mu iyaye a nan Sakkwato mun ɗauka hutu ne na 'yan makonni, sai ga shi an shafe watanni yara na zaune a gida. An ce su riƙa bin darasi ta rediyo da talabijin, abin da na yaba da shi, amma yaron da ba a ba shi littafi ba, kuma babu mai duba abin da ya rubuta, sauraro kawai yake yi kamar mai jin labarai.

Malamin ɗana a makarantar gwamnati bai taɓa tambayar halin da ɗalibansa suke ciki ba, alhali albashinsa bai tsaya ba. Sai dai ban ɗora masa laifin duka ba, domin babu wanda ya ba shi kuɗin kati, ko takardun aikin gida da zai raba, ko ma umarnin abin da ake so ya yi, kuma ba a tuhumar mutum da aikin da ba a ɗora masa ba. A unguwarmu ta Mabera kuwa, wata malamar makarantar kuɗi, wadda aka daina biyanta tun watan farko, ita ce take bin gidaje tana duba littattafan yara.

Da aka dawo da 'yan ajin ƙarshe a watan Agusta domin jarrabawar WAEC, an tanadi bokitin wanke hannu da takunkumi, amma ban ji wanda ya auna karatun da ƙananan yara suka manta ba kafin a ƙara musu aji.